"Antagonist" a ilimin magunguna: kishiya ko mai tare gurbi?

Jama'a, ku taya ni duba yadda za mu fassara "antagonist", wato maganin da ke hana wani sinadari yin aikinsa a jiki. Da yawa suna cewa "kishiya". Ni dai ba ta kwanta min ba, kuma tumbin ɓera ne ya hana.

A 1957 masanin magunguna John Vane ya fito da dabarar yanko siririn nama daga saman tumbin ɓera, a rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, iska na ɓulɓulowa ta ƙasa, a ɗaure bakinsa ɗaya da zare zuwa na'urar da ke zana motsinsa. In aka ɗan ja masa wutar lantarki, jijiyoyin saƙo da ke cikin naman su saki acetylcholine, sinadarin da ke kai saƙo daga jijiya zuwa tsoka, tsokar ta takure, layin zanen ya yi sama.

Ɗiga maganin nan da ake kira atropine a ruwan, sake jan wutar, takurewar ta ɓace. Me ya faru? Atropine bai taɓa jijiya ba, bai lalata acetylcholine ba. Zuwa ya yi ya zauna a gurbin da acetylcholine ke sauka a jikin tsokar, ya ƙi tashi, alhali shi kansa ba ya tsinana komai a wurin. Shaida kuwa: zuba acetylcholine da yawa, zai ture shi, tsokar ta sake takurewa.

To a Hausar aji, kishiyar fari baƙi ce, wato abin da ke yin akasi. Ɗalibi zai zaci atropine ne ke sassauta tsoka. A'a. Mai wannan aikin daban ne. In tsokar tana ɗan ɗaure, atropine na cikin ruwan, aka ja wuta, sai a ga ta saki jiki, domin wasu jijiyoyin suna sakin nitric oxide da VIP, sinadarai biyu masu sassauta tsoka. Su ne suka cancanci "kishiya".

(Tetrodotoxin, wani dafi da ake samu a jikin wasu kifaye, shi ma ba ya cikin sahun masu tare gurbi. Saƙon yake katsewa tun a jijiya, takurewa da sassautawa duk su tsaya.)

Don haka na tsaya kan "mai tare gurbi", jam'i "masu tare gurbi". Wani zai ce ta yi tsawo, a ce "matari". Ban ƙi ba, amma sai bayan an ambaci gurbin sau ɗaya, don matari shi kaɗai zai iya ɗaukar tetrodotoxin ma.