Na sa wa kekena babbar kwantirola, yanzu da na murɗa totur sai ya ɗauke wuta. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa canza wa keken lantarki ko mashin kwantirola zuwa babba ku zo ku faɗa min yadda kuka ƙare, ni dai abin ya ɗaure min kai. Kekena na saye shi ne bayan cire tallafin mai a 2023 da kuɗin mai ya gagare ni na jingine mashin ɗina, motonsa, wato injin da ke juya taya, a cikin tayar baya yake, 48V 500W, kwantirolar da ya zo da ita, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto daga batir, 'yar ƙarama ce 18A, wato amfiya 18, aka rubuta a jikinta. Lafiya lau yake kai ni shago ya dawo da ni, matsalar kawai in na ɗauko ɗinki da yawa ko na goyo yarona zuwa islamiyya to hawa gadar sama sai ya riƙa ja da ƙyar kamar zai tsaya, masu adaidaita na ta danna min hon a baya. Shi ne wani mai shago ya ce in sa babba, ya ba ni wata 1500W mai 45A. Ranar farko wallahi kamar an canza min keke, ina taɓa totur yake zabura. Amma yanzu da na murɗa da ƙarfi sai komai ya ɗauke har fitilar mita, kuma ba ya dawowa sai na je gida na jona caja. Jiya a tsakiyar gadar Ƙofar Nasarawa ya yi min, ga yaro a baya ga motoci, haka na sauko ina turawa gabana na faɗuwa. Batirin litiyom ne 10Ah wani yaro ya haɗa min. Mai shagon ya rantse kayansa ƙalau suke. To ina matsalar take?

Mai Gyara Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam tela mai shagon bai yi maka ƙarya ba, kwantirolar ƙalau take, batirinka ne ba zai iya ciyar da ita ba. Wannan da ka ce sai ka jona caja yake dawowa shi ya nuna min komai. A cikin batirin akwai wani ɗan fanel da ake ce wa BMS, shi ne mai gadi, in aka ja wutar da ta fi ƙarfinsa sai ya rufe ƙofa, kuma da yawansu ba sa buɗewa sai sun ji caja. Irin batirin da yaran nan ke haɗawa na 10Ah yawanci BMS 20A ko 30A suke sa masa, kai kuma ka kawo mai neman 45A. Yi lissafi da kanka, 48 sau 45 ya haura wat 2,000, shi ya sa kullum nake gaya wa kwastomomina ku daina kallon wat ɗin da ke jikin sitika ku kalli amfiya.
Sannan ƙwayoyin da ke ciki, wato ƙananan batiran da aka harhaɗa. Batirin 48V layi 13 ne a jere, in 10Ah ne to kowane layi ƙwaya huɗu, kenan kowace ƙwaya za ta ba da sama da 11A. In na tsohuwar laftof ne aka ciro, waɗanda da yawansu ko suna sababbi ba a yi su don su wuce 5A ba, ai ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Na buɗe irinsu a benci na sun fi a ƙirga, za ka ga ledar jikin ƙwayar ta tattare saboda zafi. Ka fara tambayar yaron wace ƙwaya ya sa kuma BMS nawa ne.

Ɗan Samaru:
Ni nawa ma ya fi naka muni ɗan'uwa, gara kai batirinka ya kare ka. Nawa batirin mai kyau ne yana ba da duk abin da aka nema, sai moton ya biya kuɗin. 350W ne irin ƙaramin nan mai giya a ciki, na sa masa 35A. Sati biyu ina jin daɗi tsakanin Samaru da Sabon Gari, ran nan na ɗauko buhun masara da rana tsaka sai na fara jin wani wari kamar ana ƙona fenti, na tsaya na taɓa murfin tayar ban iya barin hannuna a kai ba. Na ɗan jira na ci gaba, can sai ya fara fizga yana gurnani, gir gir gir, daga nan shiru. Da muka kwance shi kwayil ɗin da ya kamata ya zama ja yana sheƙi ya koma baƙi ƙirin, zaren da aka ɗaure shi da shi ya zama toka, giyoyin robar nan guda uku haƙoransu sun kwanta, wayoyi ukun nan masu kauri, ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, sun narke sun manne da juna daidai inda suke fitowa daga cikin shaf. Sai daga baya wani malaminmu ya fahimtar da ni cewa in ka ninka amfiya sau biyu zafin da ke cikin waya sau huɗu yake ninkuwa. Da na san haka da 22A zan tsaya.

Abban Sadiq:
Ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Ka ce wa yaron ya tsallake BMS ɗin ya ɗauko wuta kai tsaye daga batir, caji kawai ya riƙa bi ta cikinsa. Nawa haka aka yi wata biyar kenan ko sau ɗaya bai ɗauke ba.

Mai Gyara Kaduna:
Abban Sadiq don girman Allah kar ka ƙara ba wani wannan shawarar, kai ma ka je a mayar maka yau ɗin nan. Bai ɗauke ba saboda ka kori mai gadin ne, ba wai ɓarawon ya daina zuwa ba. Bara aka kawo min wani da aka yi wa haka, layi ɗaya ya zube ƙasa ba wanda ya sani, mai shi ya dawo daga aiki ya jingina shi a zaure, Allah ya taimaka matarsa ta ji ƙauri ta leƙo ta ga hayaƙi suka ja shi waje da sanda. Wutar litiyom ba irin wadda ka sani ba ce, kana kashewa tana sake tashi. Mutumin nan ɗansa yake goyawa a kan batirin fa.

Abban Sadiq:
To Oga na ji, ban san abin ya kai haka ba. Gobe in sha Allah zan kai shi.

Issoufou Maraɗi:
Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan in an ce moto babur ake nufi, sai da na karanta sau biyu na gane injin taya kuke faɗi. Ni abin da ya kashe min tawa zafi ne kawai. 60V ce 40A, batir da inji duk sun dace da ita, amma don tsoron ruwa da ɓarayi sai na sa ta cikin jakar fata ƙarƙashin sirdi na zuge zif. Duk sanyin hunturu ba abin da ya faru, watan Afrilu na kamawa, kun san yadda garinmu yake zafi ya haura 40, ina dawowa daga kasuwa sai taya ta riƙe kamar an taka birki, turawa ma da ƙyar. Mai gyara ya cire wayoyi ukun nan na inji sai taya ta saki, ya mayar ta sake riƙewa, ya ce to mosfet, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa inji wuta a cikin kwantirola, ya ƙone ya haɗe. Wannan gwajin ku riƙe shi, ba ya buƙatar mita. Gidan kwantirola alminiyom ne mai tsaga-tsaga don iska ta riƙa dukansa, ni kuma na naɗe ta kamar jariri. Sabuwar a waje na ɗaure ta jikin ƙarfen keke, wayoyin na kallon ƙasa don kar ruwa ya bi su ya shiga, damina biyu kenan.

Injiniya Rayfield:
Malam tela bari in ba ka nawa, don mu a Jos hawa ba na gada ɗaya ba ne, duk inda ka juya tudu ne. Na ƙona ƙananan kwantirola biyu kafin na haƙura na tara kuɗi na yi odar moton QS 205 da kwantirola Fardriver ND72240, batir 72V layi 20 wanda in ya cika yake kai 84V. Abin da ya bambanta irin waɗannan, su Fardriver da Votol da Sabvoton, da na kasuwa marasa suna shi ne kai ne za ka gaya mata iyakarta. Tawa da waya nake saita ta ta Bluetooth. Kuma a nan na gane amfiya iri biyu ce, akwai wadda take ja daga batir akwai wadda take tura wa moto. 240 ɗin da ke cikin sunan ta moto ce, ita ke ba ka ƙarfin tashi da hawa tudu, ta batir kuwa na dage ta a 50A don BMS ɗina 60A ne. Kenan a tashi ina da ƙarfi sosai amma batir bai san ana yi ba, don a ƙaramin gudu kwantirola na sauke bolt ta ƙara amfiya. Ga ta shiru, ba wannan kukan da na kasuwa ke yi in za a tashi, kuma moton na da sensar zafi a ciki, in ya yi zafi da kanta take rage wuta. Da Ɗan Samaru na da wannan da kwayil ɗinsa na nan.
Amma ni ma na sha tawa. Ranar da na gama haɗawa na ɗaga taya kwantirola ta saita kanta da moton lafiya, na fito gwaji na murɗa sau ɗaya sai ji na yi ƙas, shaf ɗin ya juya a cikin bakin firam ya buɗe ƙarfen kamar an sa sifana, ya nannaɗe wayoyin ya tsinke na sensa biyu, taya ta karkace saura kaɗan ta fita. Firam ɗin keke ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Sai da na je wajen mai walda ya yanko min farantin ƙarfe mai kauri guda biyu ya fitar da ramin daidai shaf ɗin, muka ɗaure hagu da dama. Duk wanda zai wuce 1000W a firam ɗin keke ya fara yin wannan, kuma ya duba birkinsa, roban birkin keke ba ya tsayar da abin da ke gudun mashin.

Maman Hanifa:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa. Tambaya gare ni Yallaɓai mai gyara. Mashin ɗina da nake kai yara makaranta 48V ne mai batir huɗu irin masu nauyin nan, ƙanina ya ce zai ƙara min na biyar ya zama 60V don ya ƙara gudu, wai ba sai an canza kwantirola ba. Na ce ya dakata tukun, don wancan watan ya yi wa nasa, yana jonawa muka ji fau kamar an fasa leda har da ɗan hayaƙi fari, amma shi ya ce waya ce ya juya.

Mai Gyara Kaduna:
Hajiya kin yi daidai da kika dakatar da shi. Wannan ƙarar kapasita ce ta fashe. Yawancin kwantirolar 48V in kin buɗe za ki ga 63V a jikin kapasitocin, batir biyar kuwa in sun cika caji suna haura 65V, na litiyom mai layi 16 ma 67.2V yake kaiwa. Akwai waɗanda aka rubuta 48V zuwa 72V a jikinsu, su za su ɗauka, in ba irinta ba ce a bar ta yadda take. Kuma cajarki ma dole a canza. Ni a ganina mai ɗaukar yara ba gudu take buƙata ba, in ya rage ƙarfi ne a fara gwada batiran, sau da yawa ɗaya ne ya mutu yake jan sauran.

Ɗan Samaru:
Oga ya batun zuba dalma a shan (shunt) ɗin nan na cikin kwantirola da ake nunawa a YouTube, wai ƙaramar kwantirola ta koma babba?

Mai Gyara Kaduna:
Yana aiki, na yi da hannuna. Wannan 'yar wayar mai kauri da ita kwantirola ke auna abin da take ja, in ka shafa mata dalma sai ta riƙa ganin kaɗan alhali da yawa ke wucewa. Matsalar ba ka san nawa ka ƙara ba sai da mita, mosfet shida ɗin da ke ciki kuma suna nan yadda suke. Ɗan kaɗan a gefe ɗaya ina yi wa mutum in na auna, wanda ya cika ta dam da dalma kuwa ina ganinsa cikin sati.

Telan Fagge:
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yau da safe na je wajen yaron muka yanke ledar batirin a gabana, BMS 20A ne, ƙwayoyin kuma kala uku ne a ciki, wasu kore wasu ruwan hoda wasu shuɗi, ya amsa cewa na laftof ne ya tattara. Biyu a layin ƙarshe har sun fara tsatsa a kai. Raina ya ɓaci amma ban yi faɗa ba, ni ma ban tambaya ba lokacin da nake neman mai araha. Na cire babbar na ajiye a shago, na mayar da 'yar 18A ɗin, na je na dawo bai ɗauke ba. Batirin kuma na daina shiga da shi ɗaki, a tsakar gida nake caji ina zaune kusa. In na haɗa kuɗin ɗinkin sallah zan sa a haɗa min sabo da ƙwaya iri ɗaya da BMS 40A sannan in nemi kwantirola 25A. Injiniya shin moton nawa na 500W zai jure 25A ɗin a zafin Kano, ko in tsaya a 22 kamar yadda Ɗan Samaru ya ce?

Injiniya Rayfield:
In mara giya ne, mai faɗin nan mai nauyi, zai jure. Ka hau gadar sau biyu da yaron a baya sai ka tsaya ka dafa murfin, in za ka iya barin tafinka a kai ka ƙirga goma to ci gaba da tafiyarka. In mai giya ne tsaya a 22. Turo hoton tayar in gani.