Ina neman shawara kan matakalar katako a ƙofar gida

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah a taimaka min da shawara. Gidan da muka kama haya a Garin Malam an ɗaga ƙofar sosai saboda ruwan damina, yarona ya auna daga ƙasa zuwa dokin ƙofa santimita 60 ne, bulo biyu muka jera muke takawa, jiya Hajiya ta kusa faɗuwa da buta a hannu. Mai gidan ya ce kar a yi ginin siminti. Katako zai yi kuwa?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Hajiya a garin nan katako a waje?? Gara za ki yi wa walima.

Kafinta: Zai yi Hajiya, in dai bai taɓa ƙasa ba. Duk maganar a nan take. A sa dutse ko bulo a ƙarƙashin ƙafafun ya ɗaga su ko da santimita 10 ne, Damagaram ai ba a rasa dutse ba. Ki raba 60 ɗin gida 4, kowane hawa 15, daidai gwiwar tsohuwa ke nan, inda ake ɗora ƙafa kuma faɗinsa ya kai 28 zuwa 30. Amma su zama daidai wa daida, in ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ko da yatsa biyu ne to nan za a riƙa tuntuɓe, ƙafa ta riga ta saba da na farko.

Ɗan Zango: Ni na yi shekarun baya, farin katako aka sa min wai ya fi araha, damina ɗaya. Daga waje lafiya lau har fentin na ƙyalli, ranar da na hau da buhun gero ƙafata ta burma ciki, na leƙa sai ƙasa ja cike da cikinsa kamar an ɗura. Wanda ya yi min aikin har yau in ya hango ni sai ya sake hanya.

Kafinta: Hhhh Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, fari ai na silin ne. Jan katako za ta nema mai kauri, busasshe, ɗanye in hunturu ya shigo murɗewa yake ya tofar da ƙusa.

Inna Birni: 'Yata ki nemi azarar giginya a yi ƙafafun da ita. Ɗakin kakanmu a Birni da ita aka rufa, har yau gara ba ta ci ba. Sai dai tauri, sai an huda kafin ƙusa ta shiga, kuma a goge ta don tsiranta na soke hannun yara.

Malam Direba: A shafe ƙasan da baƙin mai na juyen mota, a gareji kyauta ma ake ba ka. Kar dai a shafa saman da ake takawa, santsi, ga shi ya ɓata tabarma.

Kafinta: Haka ne. A bar 'yar tazara tsakanin allunan ruwa ya zube, a ɗan karkatar da su waje kaɗan. Ƙofar ciki take buɗewa ko waje?

Maman Yara: Waje take buɗewa, ta ƙarfe ce.

Kafinta: To na saman sai an faɗaɗa shi ya zama kamar dakali, in ba haka ba ƙofar za ta ture mai tsaye. A yi wa Hajiya abin dafawa a gefe ɗaya. Ki sa yaron ya auno faɗin ƙofar ya turo nan kafin ki je kasuwar Dole, kar su yanka miki gajere.

Maman Yara: To Malam na gode, bari ya dawo daga lakwal.