Musayar kayan sawa a Islamiyyarmu kafin Sallah: yaya za mu kauce wa gori?

Maman Ilham, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mu matan aure na Islamiyyar unguwarmu muna so mu ware Asabar ɗaya kafin Babbar Sallah, kowacce ta kawo kayan da ta daina sawa ta zaɓi wasu, ba kuɗi a tsakani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, turmin atamfa da kuɗin ɗinki suka fi ƙarfin da yawanmu, gwanjon Ƙofar Wambai ma yanzu sai an yi lissafi. Ga shi ni kaɗai akwatina cike yake da ankon biki da na suna, ga kayan yara da suka yi musu kaɗan tun ba su koɗe ba. In dillaliya ta ɗauka, abin da za ta kawo ko kuɗin tela bai kai ba.

Damuwata ɗaya ce, gori. Kun san halinmu: a ga mace da leshi a gidan biki, wata ta zunguri ta kusa da ita ta ce kwancen wance ne. Akwai wata baiwar Allah mai marayu huɗu, saboda ita na fara wannan tunanin, kuma na san ranar da ta ji irin wannan maganar ba za ta ƙara leƙo mu ba. Akwai wadda ta taɓa shirya irinsa?

Uwar Biyu, Manchester:
Wa alaikumussalam Maman Ilham. A nan Ingila ana yi a zauren unguwa, ina zuwa saboda rigunan sanyin yara. A bakin ƙofa ake karɓar kaya a duba, a ba ki kati ɗaya kan kowace riga, sannan a rataye su bisa girma. Ba wanda ya san wa ya kawo me. Ku sa mata biyu masu riƙon amana su karɓa tun ranar Laraba. Amma babban sharaɗin, masu hali su ma su ɗauka, su sa a gan su da shi. In suka kawo suka ƙi ɗauka, ya zama rabon sadaka, kuma mai marayun nan za ta gane.

Inna Hajiya, Maraɗi:
'Yata, Allah ya ba ki lada, amma anko ba ya ɓuya. Duk unguwa an san bikin da aka fitar da shi, an san ɗinkin kowa. Ku fara da kayan yara da hijabai. Na manya kuwa, ku nemi Islamiyyar wata unguwa mai nisa ku yi musaya jaka da jaka. Sannan wasu na tsoron ba da tufar da ta sha guminsu, kada a yi musu asiri. Wadda ta ƙi kawowa kada a matsa mata. Mu nan da bosho, wato gwanjo, muka raini 'ya'yanmu, ba abin kunya ba ne.

Ummu Sadik, Nima, Accra:
Ku tsaurara wajen karɓa. A Kantamanto, kasuwar gwanjo ta nan Accra wadda ta ƙone a Janairun 2025, 'yan kasuwa na fasa dila su tarar da tsummokaran da ba sa sayuwa, a kwashe zuwa juji, wasu har bakin teku. Abin da ba za ki ba ƙanwarki ba, kada ya shigo. Ban da kayan ciki. A wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge da dutsen guga saboda ƙazuwa da kwarkwata.

Maman Ilham, Kano:
Na gode ƙwarai. Inna, shawararki za mu bi, da yara za mu fara, zan kai wa malamarmu maganar gobe in sha Allah. Uwar Biyu, saura abu ɗaya: wadda ta kawo kaftanin shadda da wadda ta kawo 'yar shimi, kati ɗaya ake ba su, ko ana raba kayan aji-aji?