Shawarwari ga mai son sanin tarihin gasar tanis ta Monte Carlo

Wani matashi ya tambayi masoya tanis ta ina zai fara bin tarihin gasar maza ta Monte Carlo, aka yi masa ruwan shawara.

Dattijon cikinsu ya ce kada ya fara da Rafael Nadal, shahararren ɗan wasan Sifen. Ya koma 1897, shekarar da Reginald Doherty ɗan Ingila ya ci kofin, ya kuma riƙe cewa sai a 1969 aka buɗe wa ƙwararru ƙofa. Wani ya ja masa kunne kan wurin: filin Monte Carlo Country Club, inda ake wasan tun 1928, a cikin Faransa yake, a garin Roquebrune-Cap-Martin, ba a Monako ba.

Shawarar da ta fi kama min hankali ita ce ta kallon ƙasar filin. Garin jan bulo ne aka shimfiɗa, ƙwallo na rage gudu tana tashi sama, ɗan wasa kuma sai ya iya sulɓi da ƙafa kafin ya kai duka. Wanda bai gane wannan ba, ba zai fahimci yadda Nadal ya ci gasar sau takwas a jere daga 2005 zuwa 2012 ba, har Novak Djokovic ɗan Sabiya ya tare shi a 2013. Jimilla, sau 11 Nadal ya ɗauki kofin.

Aka ce kuma ya nemi tsofaffin bidiyoyin Björn Borg ɗan Sweden da raket ɗinsa na katako, ya kalli wasan ƙarshe na 1980 daga farko har ƙarshe.