Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan wuce gona da iri na gwamnati

An yi muhawara mai tsawo kan inda gwamnati ke wuce iyakar ikonta, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ikon da gwamnati ta karɓa a lokacin firgici da wuya ta mayar da shi. An fi kawo misalin dokar Patriot da Amurka ta kafa a 2001 bayan harin 11 ga Satumba, wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na sa ido kan jama'a. Sai a 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya fallasa cewa hukumar na tara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zargin su da komai. Shawara: kada a leƙa wayar kowa sai da izinin alƙali, kuma a yanka wa kowace dokar ta-ɓaci wa'adi. Wani ya tunatar cewa wasu sassan Patriot ɗin ma suna da wa'adi, sabunta su kawai aka riƙa yi. A ganina ba a amsa masa ba.

2. Faɗin albarkacin baki: an yarda a bar mutane su soki masu mulki. An rabu kan labaran ƙarya, domin wa zai tantance ƙaryar, in ba gwamnatin da ake suka ba?

3. Haraji ne ya fi jawo zafi. Wasu sun kira shi ƙwace. Mafi yawa suka ce kotu, tsaro da hanyoyi sai da shi, a dai rage, a bayyana inda kuɗin ke tafiya.

4. Yawan lasisi da takardun izini: an ce ƙaramin mai sana'a suke danne wa, babba yana da lauyoyi.