"Nanoflower" da Hausa: fulawa, wada ko fure?

Jama'a, ina neman taimako. Ina shirya wa ɗaliban sakandare bayani da Hausa kan wani abu da masana kimiyya ke kira "nanoflower", yau kwana biyu ina juya kalmar a bakina ta ƙi zama. Amma kafin a fara kawo sunaye, bari in nuna muku jaririn da za a raɗa wa.

Ba tsiro ba ne. Wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji daga ƙarafa ko gishirinsu, irin su tutiya, tagulla da zinare. Ido ba ya rabe su, sai dai a ga gari ko laka a gindin kwalba. In aka sa su a na'urar ƙara girman abu mai aiki da ilektron, sai a ga siraran ganyayyaki sun fito daga tsakiya ɗaya sun baje, sak fure. Hotunan ma baƙi da fari na'urar ke fitarwa, launin da kuke gani daga baya ake shafa shi.

Shi kuwa "nano" awo ne. A raba mita gida biliyan ɗaya, a ɗauki guda, shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai kusan nanomita 80,000 ne zuwa 100,000. Asalin kalmar daga Girkanci take, inda take nufin wada, kuma a 1960 aka shigar da ita cikin tsarin awo na duniya.

Wani ƙanena ya riga kowa, ya ce a ce "nanofulawa" kawai a huta. Kai yaro, fulawa fa biyu ce a Hausa, da ta ado da ta burodi. Tunda abin kansa gari-gari yake, duk wanda ya ji zai ɗauka sabon buhu ne ya shigo kasuwar Singa. Wannan ta faɗi tun a ƙofa.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kawo "wadan fure". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kun bi tushen kalmar har gida, kuma ta yi daɗin faɗa. Abu biyu ne suka hana ni karɓa. In Bahaushe ya ji wadan fure, tsiro zai hango a cikin tukunya wanda ya ƙi girma. Na biyun ya fi nauyi: furen kansa sau da yawa ba ya cikin ma'aunin nano. Da yawansu faɗinsu ya kai maikuromita kaɗan, wato nanomita dubbai. Abin da ke nano shi ne kaurin ganyen. Ashe ba gajarta ake magana ba, siranta ce.

Wata 'yar'uwa mai koyar da ilimin sinadarai ta ce "furen zarra". Malama, na so wannan, har na rubuta ta a takarda. Kowa ya san zarra tun daga makarantar allo, ƙarshen ƙanƙanta ke nan. Sai dai mun riga mun ba "atom" sunan ƙwayar zarra, ita kuma ba ta kai rabin nanomita ba. Fure guda yana ɗauke da biliyoyinsu. In muka ba abu biyu suna ɗaya, ɗalibi ne zai sha wahala ranar jarrabawa. Ga kuma ɗaya zarrar, ta "wane ya yi zarra", wani sai ya ce furen da ya fi kowane kyau ake nufi.

Akwai wanda ya ce a bar maganar fure gaba ɗaya, a ce "mitsitsin ƙwaya", wai siffa ado ce. A nan ne ban yarda ba sam, domin siffar ita ce aikin.

Ku tuna mai kilishi. Don me yake feɗe nama fale-fale ya shanya, bai bar shi tsoka guda ba? Don rana da yaji su taɓa ko'ina. Haka sinadarai suke, a saman abu suke haɗuwa, abin da ke can ciki zaman banza yake. Ɗauki ƙwarar sukari mai santimita 1 ta kowane gefe: fuskokinta shida, murabba'in santimita 6 ke nan. In ka yayyanka ta zuwa ƙwayoyi masu nanomita 1, fuskokin sun zama murabba'in mita 6,000, kusan filin ƙwallo. Matsalar ita ce ƙananan ƙwayoyi suna son dunƙulewa, kamar gudajin koko, sai ribar ta tafi. Shi fure ganyensa a kafe suke a gindi ɗaya, kowanne ya buɗe nasa waje, ruwa da iska suna ratsa tsakaninsu.

Labarin da ya fi burge ni na 2012 ne, a Jami'ar Stanford ta Amurka. Jun Ge, Jiandu Lei da Richard Zare sun ba da rahoton cewa in gishirin tagulla ya haɗu da furotin a cikin ruwa mai fosfet, aka bar shi kwanaki kaɗan ba tare da wuta ba, sai furanni su tsiro da kansu, furotin ɗin yana riƙe da ganyen kamar danƙo. Bisa tsautsayi ma aka fara ganin abin. Da suka gwada da wani enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna lakes, sai aikinsa ya ninka na wanda ke yawo sakaka a ruwa, ya kuma fi daɗewa bai lalace ba. To, yaya za a ba da wannan labari in an cire fure daga sunan?

Sauran ayyukan duk a kan dalilin nan suke tafiya. Furen tutiya da oksijin ana gwada shi wajen shinshino iska mai guba, domin ƙarfin wucewar lantarki a cikinsa yana sauyawa in iskar ta sauka a kan ganyen. Na molibdenom da farar wuta ana nazarinsa wajen fasa ruwa a fitar da haidurojin, tunda a bakin ganyen aikin yake, fure kuwa baki ne ko ta ina. Akwai na batir, akwai na zinare da ke taimakawa a gano ɗan abu kaɗan cikin samfuri, har da wanda ake saƙawa da DNA don ɗaukar magani zuwa ƙwayoyin ciwon daji. Yawancin waɗannan suna ɗakin gwaji tukuna, kada wani ya je kemis nema.

Don haka ni na tsaya a kan "furen nano", jam'i "furannin nano".

Na ga ƙorafin cewa nano ba Hausa ba ce. Kilo fa? Mita fa? Wa ya taɓa neman fassarar giga kafin ya sayi data? Awo ba a fassara shi, ana koyon girmansa ne. Ga wata riba: 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci, "nano" ɗin nan suka sani, ba sai mun yi kalma biyu ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na Malama: tunda furen roba da roba aka yi shi, yaro zai ɗauka nano wani abu ne da ake ƙera fure da shi. Gaskiya ne. Amma muna cewa buhun kilo hamsin, ba wanda ya ce da kilo aka saƙa buhun. Kuma da zarar an ambaci abin haɗin, ruɗanin ya kau. Na gwada a jimla: "An shafa furannin nano na tutiya a kan na'urar don ta gano iskar da ke tsiyaya." Na karanta wa mahaifiyata, ta ce ta gane komai sai nano, na ce mata awo ne, ta ce to.

Saura "catalyst", wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai. Wani ya ce kanwa, tunda tana sa wake saurin nuna, amma kanwa a tukunya take ƙarewa, shi kuwa wannan yana fitowa yadda ya shiga. Malam, Malama, kada ku yi nisa.