Abin da aka tattauna kan taimaka wa ma'aikaci ya ƙaru a wurin aiki

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu ta ma'aikata da masu sana'a a Bauchi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A ware lokacin koyo cikin lokacin aiki. Wanda ya tashi a gajiye, ya sha neman keke zuwa Yalwa, ba zai iya buɗe littafi da dare ba.

2. A haɗa sabon ɗauka da tsohon hannu, kamar yadda tela ke zaunar da yaronsa kusa da keken ɗinki.

3. A riƙa ɗan zama a ƙarshen mako: me ya yi kyau, me ya ɓaci, me za a gyara? Nan aka fi daɗewa. Da yawa sun ce muddin oga yana dizga mutum a gaban jama'a, kowa ɓoye kuskurensa zai yi. Ogan ne ya kamata ya fara faɗin nasa, gyara kuma a keɓe. Wannan ya fi kwanta mini a rai.

4. Kamfanonin da ke biyan ITF, hukumar da ke kula da asusun horar da ma'aikata, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu na shekara su nemi a mayar musu da wani kaso idan sun horar da ma'aikata.

Inda aka rabu: biya wa ma'aikaci karatu, misali a jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Wasu na tsoron ya samu takarda ya tafi, sun ce a rubuta yarjejeniya. Wasu suka ce rashin ƙarin girma ne ke korar mutum.

Batun alawus ɗin bita kuwa, ba a daidaita ba.